BAKIN RAMI BA WURIN WASAN KWIKWIYO BA NE

Daga filinmu na amsa wasiƙun masu sauraro. Kamar yadda muka saba, muna buga amsar da aka karanta a rediyo domin amfanin waɗanda suke gona ko kasuwa lokacin da aka watsa shirin.

TAMBAYA

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, mai kiwon raguna a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Maigatari ta jihar Jigawa. Ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni dai sana'ata turke raguna, in sun yi ƙiba in kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Saboda wahalar ruwa na sa magini ya yi mini ramin siminti a bayan gida, zurfinsa ƙafa 5, ina sayen ruwa wajen masu amalanke ina tarawa domin dabbobi. Kwanakin baya wani abokina Bafulatani ya ba ni 'yan kwikwiyo biyu 'yan wata biyu, don in sun girma su riƙa yi mini gadin garke. Ranar Alhamis da ta wuce na dawo daga kasuwa bayan magariba, na nemi ɗaya na rasa. Da safe sai ga shi cikin ramin nan ya mutu. Ruwan ma bai cika ba, ya yi ƙasa da baki kamar kamu ɗaya. Yarana sun yi ta kuka, har da autansu da bai daɗe da fara tafiya ba, wanda duk inda 'yan kwikwiyon suka sa ƙafa yana biye da su. To ni abin da na sani tun ina yaro, kare da iyo ake haihuwarsa. Shi ya sa nake zargin yaran maƙwabcina ne suka kashe shi suka jefa, domin dama ubansu bai so na ajiye kare ba. Tun ranar ko gaisuwa ba ma yi. Tambayata ita ce, shin kare yana iya nutsewa da kansa? Yaya zan tsare ɗayan da ya rage? Ruwan kuma, in ba dabbobi ko in zubar?"

AMSA

Wa alaikumus salam. To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya mayar maka da alheri. Bari mu fara da tambayarka ta farko, domin ita ce ta shiga tsakaninka da maƙwabcinka.

E, kare yana nutsewa da kansa, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Babban kare ma yana nutsewa, balle ɗan wata biyu. Kuma yadda ka kwatanta ramin nan naka, babu abin da ya rage a cikin abubuwan da ke kashe ƙaramar dabba: bango a tsaye yake, siminti ne mai santsi, ruwa ya yi ƙasa da baki, gida kuma ba babba ranar kasuwa. Mu ba ma nan lokacin da abin ya faru, amma bayaninka kaɗai ya isa ya nuna yadda kwikwiyon ya mutu ba sai an nemo hannun kowa ba. Saboda haka ka cire zargin nan daga zuciyarka tun da ba ka da shaida.

Gaskiya ne yawancin karnuka in suka faɗa ruwa za ka ga suna harba ƙafafu, kai a sama. Wannan shi ne mutane ke gani su ce kare da iyo ake haihuwarsa. Amma iyo daban, fita daban. A tafkin da bakinsa ke da gangare, kare zai yi iyo har ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya fito ya kakkaɓe jiki. A ramin siminti fa? Zai kai bango, ya ɗaga ƙafafun gaba yana karta, faratansa ba su da abin kamawa. Ƙafafun baya, waɗanda da su ne yake yin tsalle, suna reto cikin ruwa ba abin takawa. Sai ya yi ta bin bango yana zagayawa, yana zagayawa, har ƙarfinsa ya ƙare. Kamu ɗayan nan da kake ganin ba wani abu ba ne, a wurin kwikwiyo daidai yake da katangar gidan sarki.

Daɗin daɗawa, kwikwiyo ba ƙaramin kare ne kawai ba, jikinsa bai gama haɗuwa ba. Sai ya yi kwana 10 zuwa 14 kafin ya buɗe ido, sai wajen mako uku yake fara tafiya sosai. A wata biyu kansa da cikinsa sun fi ƙarfin ƙafafunsa, shi ya sa in ya leƙa rami don ya sha ruwa, nauyin kai ke rinjayarsa ya faɗa. Ba shi da kitse ko gashin da zai tare masa sanyi, saboda haka ruwan da ya kwana a rami, musamman lokacin hunturu, yana tsotse masa ɗumin jiki da sauri, gaɓoɓinsa su sage. Kuma dabbar da ruwa ke shiga mata hanci ba ta samun numfashin da za ta yi haushi da shi. Kana cikin gida ma ba lalle ka ji komai ba.

ABIN DA BA KA TAMBAYA BA

Malam, akwai wata magana a cikin wasiƙarka da ta fi tayar mana da hankali fiye da mutuwar kwikwiyon. Ka ce autanku bai daɗe da fara tafiya ba, kuma duk inda 'yan kwikwiyon suka je yana biye da su. To ka sake karanta abin da muka faɗa a sama, ka cire kwikwiyo ka sa sunan yaronka. Shi ma kansa ya fi ƙafafunsa nauyi. Shi ma yana son leƙen ruwa. Shi ma in ya faɗa ba ya iya ihu. Ranar Alhamis ɗin nan Allah ne ya tsare.

Ba tsoratarwa muke yi ba. A watan Disamba na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin ya kai har Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021, ta ware ranar 25 ga watan Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan haka. Wani zai ce ai wannan maganar mutanen bakin kogi ce, su Haɗeja da Ringim, mu nan ƙasar Gumel ina muka ga kogi? To ai inda ruwa ya yi wuya, nan ne ake tara shi a cikin gida. Daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, wane gida ne ba duro, ko randa, ko baho, ko rami irin naka? Yaro mai rarrafe yana iya mutuwa a ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, in ya kifa da fuska. Bokitin wanki da aka bari da rabin ruwa ya isa.

Saboda haka duk abin da za mu faɗa maka a kan kwikwiyo, ka ɗauka a kan yaronka muke magana.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A ƙasashen Turawa masu hali kan gina wani ɗan tafki na siminti a bayan gida domin wanka da iyo, kuma su ma yaransu da karnukansu suna faɗawa. A Faransa, tun watan Janairu na 2003 aka kafa doka cewa duk mai irin wannan tafki a gidansa tilas ya yi masa ɗaya daga cikin abu huɗu: shinge, ko murfi, ko rumfa mai rufewa, ko ƙararrawa mai kaɗawa in wani abu ya faɗa. A Ostareliya kuwa shingen tilas ya kai mita 1.2, wato wajen ƙafa 4, tsakanin sandunansa kada ya wuce santimita 10, ƙofarsa kuma ta zama mai rufe kanta da kanta. Ka ga su da suke da kuɗi da asibitoci ba su dogara da cewa za a riƙa sa ido ba, domin sun san ido yana gajiya. Naka ramin na shayar da raguna ne, nasu na nishaɗi, amma ruwa bai san wannan bambanci ba.

ABUBUWA HUƊU DA ZA KA YI

Na farko, abin da ke rufuwa, ka rufe shi. Amma fa murfi suna ya tara. Kada ka shimfiɗa tamfol, ko leda, ko zana, ko tsohon kwanon rufi da ya yi tsatsa. Irin wannan gara ma babu, domin dabba ko yaro zai ga kamar ƙasa ce ya taka, ya rufta, murfin kuma ya koma ya rufe a kansa, ko nema aka zo yi ba za a gan shi ba. Murfin kirki shi ne wanda kai da kanka za ka hau ka tsaya bai lanƙwashe ba. Ka kira maginin nan ya zuba maka dakalin siminti da rodi a kai, ya bar 'yar ƙofa daidai shigar guga, mai walda ya yi mata marfin ƙarfe da wurin sa kwaɗo. In hali bai kai ba yanzu, ka jera katakai masu kauri a haɗe su da ƙusa, ka danne da bulo masu nauyin da yaro ba zai iya turewa ba. Kuɗin wannan aiki ba zai kai na rago ɗaya ba. Ga kuma riba biyu a kai: rana ba za ta riƙa shanye maka ruwan da ka saya ba, sauro kuma ba zai sami wurin yin ƙwai ba, domin cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan sauro ke zama sauro a ruwan da ke kwance.

Haka nan rijiya. Rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa tarko ce. A ɗaga mata baki da bulo ya kai kamar ƙafa 3, a sa marfi. Duro da randa a rufe su. Bokiti da baho kuwa, da an gama aiki a zubar da ruwan a kife su. Wannan magana ta uwargida ce da 'yan mata, ka zauna ka gaya musu da kyau.

Na biyu, abin da ba ya rufuwa, ka kewaye shi. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ramin masai da aka haƙa ba a gama ba, kwatamin bayan gida, rijiyar lambu, duk waɗannan su ne ke cika da damina a manta da su. Danga ta kara tana yi, in dai an matse ta sosai kuma an binne gindinta, domin kwikwiyo ta ƙasa yake bi, yana tona. Ka auna da dunƙulen hannunka: duk kafar da dunƙulenka ya shige, kan kwikwiyo zai shige, inda kai ya shige kuwa jiki zai bi. Ƙofar dangar a sa mata maɗauri sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Na uku, ka yi wa ramin mafita. Ko da murfi, wata rana wani zai ɗebi ruwa ya manta bai rufe ba. Ka sami katako mai faɗin taki ɗaya ko fiye, ka buga masa ƙananan itatuwa a gicciye kamar tsani, ko ka naɗe shi da tsohon buhu mai kaushi. Ka jingina shi daga bakin rami har ƙasan rami, ka ɗaure kansa kada ruwa ya ɗaga shi. Abu uku za ka kiyaye. Ɗaya, ya kai har ƙasa, don ko ruwa ya ja baya mafitar tana nan. Biyu, kada ya miƙe tsaye, ya kwanta kamar gangaren hawa da dabbobi mota a kara. Uku, kuma wannan shi ne wanda aka fi mantawa, ya manne da bango. Mun ce dabbar da ta faɗa bango take bi tana zagayawa. In ka sa katakon a tsakiya, za ta yi ta wucewa ta ƙarƙashinsa ba ta gane shi ba. In kuwa yana jikin bango, dole ta ci karo da shi ta hau. Wasu kan jera bulo a kusurwa ɗaya su zama matakala, wannan ma ya yi, har ya fi ƙarko. Dabarar nan za ta cece maka 'yan tsaki da 'yan awaki ma a kwamin shayar da dabbobi. Amma ka sani, mafita ta dabba ce. Yaro ɗan shekara ɗaya ba ya iyo balle ya nemi katako, shi sai murfi da danga.

Na huɗu, ka kashe masa ƙishirwa a gida. Me ya kai kwikwiyon bakin rami tun farko? Ruwa ya je nema. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jiki, saboda haka da bazara, lokacin da zafin Maigatari ke haura digiri 40, ƙishirwa ba ta barinsa. Ka ware masa kasko ko kwano nasa shi kaɗai, marar zurfi, ka sa dutse a ciki don kada ya kifar, ka ajiye a inuwa, a sake ruwan safe da yamma. Wannan kuma zai hana shi sa baki a kwanukan gida, abin da ka san hukuncinsa na wankewa sau bakwai. Kada ka ga kamar ɓata ruwa ne. Ya zo a cikin Buhari da Muslim labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa saboda haka. Kare na kiwo da na noma da na farauta an yarda a ajiye, wanda ya ajiye kuwa ci da shansa suna wuyansa.

Ranar kasuwa, ko duk ranar da manya ba sa gida, ka sa shi a ɗan killataccen wuri mai inuwa da ruwansa. In ɗaure shi za ka yi, to ka auna igiyar. Kada ta kai bakin rami, ko bakin katangar da zai iya haurawa, domin karen da ya faɗa rami da igiya a wuya rataya ce za ta kashe shi tun kafin ruwa.

In ya kai wata uku ko huɗu kana iya koya masa mafitar. Ka sa shi a ruwa a hankali kusa da katakon, hannunka a ƙarƙashin cikinsa, ka kira shi ya hau, ka ba shi ɗan abin tanɗe. Ka maimaita, kana ƙara nisa kaɗan kaɗan, har ya zama da kansa yake nufar wurin. Abin da yara ke yi na cilla kwikwiyo cikin kududdufi don su ga iyonsa, wannan zalunci ne, a hana su.

KUDUDDUFI DA ABIN DA KE CIKINSA

Kududdufi ba na mutum ɗaya ba ne, saboda haka gyaransa sai an haɗu. Wanda aka daɗe ana ɗibar ƙasar gini a cikinsa, bakinsa a tsaye yake kamar naka ramin, ga taɓo mai riƙe ƙafa. Cikin watan Agusta, lokacin da ya cika ya batse, ba ka gane inda hanya ta ƙare rami ya fara. Ku je wajen bulama ko mai unguwa tun da rani, a yi gayya a fasa gefe ɗaya ya zama gangare, gefen da ke bakin hanya kuma a yi masa shingen ƙaya.

Ban da nutsewa, akwai abin da ke cikin ruwan kansa. In zafi ya yi yawa ruwa ya ja baya, za ka ga wani kore-kore kamar fenti ya lulluɓe samansa. Wani irin wannan gansakuka yana da dafi mai ƙarfi, yana iya kashe kare ko tunkiya cikin sa'o'i kaɗan, kuma ido ba ya bambanta mai dafi da marar dafi. Kada ka bar dabbarka ta sha. Sai kuma ku manoma masu wanke injin feshi da robobin maganin ƙwari a bakin kududdufi ko kusa da kwami, ku ji tsoron Allah ku daina. Abin da ba zai kayar da sa ba yana iya kashe kwikwiyo nan take.

Manya kuma ba su manta da kurkunu ba. A binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya. Da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, aka yi ta tace ruwa da haƙa rijiyoyi, har a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. To amma a ƙasar Chadi, tun daga 2012 aka fara ganin tsutsar a jikin karnuka, a 2019 kaɗai karnuka kusan 2,000 aka samu da ita. Suna ɗauka ne ta ruwan tafki da kayan cikin kifi ɗanye, in kuma suka shiga ruwa da tsutsar a ƙafa sai su mayar wa mutane. Ku da kasuwarku ke tara baƙi da dabbobi daga ƙasashe maƙwabta, in kun ga farar tsutsa kamar zare tana fitowa daga ƙafar kare, ku ɗaure shi nesa da ruwa ku sanar da ma'aikatan lafiya.

IN HAR YA FAƊA

In ramin marar zurfi ne, ka sa kwando ko bokiti ka kwaso shi. Ka yafa masa buhu ko tsumma kafin ka kama, domin dabbar da ta firgita tana cizon ko mai ita. In ya cije ka ko ya karce ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ka tafi asibiti ranar, musamman in karen ba naka ba ne ko ba a yi masa allura ba. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba shi da magani. Shi ya sa ɗayan da ya rage, da ya cika wata uku ka kai shi wajen malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabuntawa duk shekara. A nan gida ma ana yin allurar, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke jihar Filato.

Da ka fito da shi, ka ɗaga bayansa sama kaɗan, kai ƙasa, ruwan baki da hanci ya tsiyaye. Kada ka riƙe ƙafafunsa kana wulwulawa. Ka goge shi da busasshen tsumma da ɗan ƙarfi, ka naɗe shi, ka ajiye wuri mai ɗumi amma ba dab da wuta ba. Kada ka ɗura masa madara ko manja. Ka sa masa ido kwana ɗaya cur, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo daga baya. In ka ga tari, ko numfashi sama-sama, ko dasashinsa ya yi fari ko shuɗi, sai wajen malamin dabbobi.

In kuwa rijiya ce mai zurfi, irin namu na wannan yanki, to kada kowa ya yi gaggawar shiga. A ƙasan tsohuwar rijiya akan sami gurɓatacciyar iska marar wari marar launi, mutum yana sauka sai jiri ya ɗebe shi, na biyu ya bi don ceto shi ma ya tafi. Haka ake rasa mutum biyu ko uku a kan akuya ɗaya. A zura kwando da igiya. In bai yiwu ba a kira masu haƙar rijiya ko 'yan kwana-kwana. Masu haƙa kan zura fitila tukuna, in ta mutu sun san ba iskar shaƙa, kuma ba sa shiga sai da igiya a ƙugu da mutane a sama. Kada a taɓa saukar da injin ban ruwa mai fetur cikin rijiya, hayaƙinsa kisa yake yi. Ramin masai kuwa, ba shiga ba kuma kunna wuta, domin iskarsa tana kashewa kuma tana kamawa da wuta.

In yaro ne, Allah ya kiyaye, kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko juya shi kai ƙasa. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa numfashi a baki sau 5, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 a hura sau 2, a yi ta yi ana neman abin hawa. Ko ya farfaɗo ya yi kuka, a kai shi asibiti.

MAGANAR RUWAN

Ruwan da mushe ya kwana a ciki, kada ka ba ragunan da ka zuba wa jarinka. Mun san da kuɗi ka saye shi, amma zawo ya kama maka turke ya fi wannan asara. Ka kwashe shi ka ba itatuwa ko ka kwaɓa ƙasar gini da shi, nesa da rijiya. Ka wanke ramin da burushi da sabulu, ka bar rana ta gasa shi, sa'an nan ka zuba sabo. Ka ga ma lokacin da ya fi dacewa magini ya yi maka matakala da murfi ke nan, tun da ramin ba ruwa. Mushen kuma a binne shi da zurfi, kada a yar a juji.

Ga masu sauraro da irin wannan ta faru a rijiyarsu ta sha: a fitar da mushen, a yashe ruwan, a kira duba-gari ya zuba maganin kulorin daidai yawan ruwan, shi zai faɗi ranar da za a koma sha. Kafin nan a riƙa tafasa ruwan sha. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ta fuskar tsarki kuwa, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, cewa in launi ko ɗanɗano ko warin ruwan ya sauya to ba a tsarki da shi, in bai sauya ba an so a kwashe gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan. A tuntuɓi malamin gari domin ƙarin bayani.

To, Malam, ka ji amsarmu. Tun yau, kafin ma ka nemi magini, ka jera katakai a kan ramin nan ka danne da bulo, kada yaron nan ya sake kwana ɗaya da shi a buɗe. Gobe da safe kuma ka shiga wajen maƙwabcinka ka yi masa sallama. Ka leƙa bayan gidansa, wataƙila shi ma yana da rami irin naka da yara ƙanana, sai ku kira magini ɗaya ya yi muku aikin tare, ya fi sauƙi. Muna fatan ka gamsu, kuma za ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda aka ƙare. Allah ya raya maka zuri'a, ya sa albarka a turkenka.